Bin Sawun Zafi a Injin Sanyi Mai Bututun Bugu: Jagora Daga Jidda

A watan Agustan shekarar da na fara aiki a wani ɗakin gwaji a Jidda, injinmu na sanyi mai bututun bugu, wanda ke sanyaya kayan gwaji zuwa matsanancin sanyi, ya riƙa tsayawa kullum tsakanin azahar da la'asar. Da dare lafiya lau, ma'auni ya sauka ƙasa da kelbin 4. Rana na take tsaka sai kwamfiresa ta tsaya cak. Kwana uku ina zargin kan injin, wato ɓangaren da ke yin sanyin, har na fara rubuta takardar neman a mayar da shi kamfani. Wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka, mai kula da mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da na'urorin ruwa na ginin, ya same ni a tsaye gaban geji, ya ce, "Muhandis, ɗana, kafin ka tuhumi baƙo, je ka taɓa tiyon ruwansa." Na ce, "To, Baba." Na taɓa, na ji ɗumi kamar buta ta wuni a rana. Muka hau rufin gini muka tarar ƙura ta toshe fuskar cila, wato na'urar da ke sanyaya ruwan.

Tun daga ranar, in aka ce mini inji ba ya sanyi, kan injin shi ne abu na ƙarshe da nake zargi. Galibi injin yana iya ƙoƙarinsa. Ko dai an hana shi zubar da zafin da ya kwaso, ko kuma zafi na shigo masa ta wata kafa da ba a lura da ita ba. Na rubuta wannan ne domin ƙannenmu da ke zuwa karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah (KAUST) da ke Suwal, ko jami'ar Sarki Fahad ta Zahran, ko jami'ar Sarki Abdul'aziz a nan Jidda, da masu kula da na'urorin asibiti, waɗanda ake damƙa wa irin wannan inji ba tare da kowa ya zaunar da su ya yi musu bayani ba.

Abin da ke cikin injin

Kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga ƙarshen sanyi, wato digiri 273 ƙasa da daskarewar ruwa. Ɗakin da kake zaune yana wajen kelbin 300. Naitirojin na zama ruwa a 77, hiliyam kuma a 4.2. Can ƙasa ne wannan inji ke aiki, kuma iskar da ke yawo a cikinsa hiliyam ce.

Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san famfo na ɗaukar zafi, domin iska in an matse ta tana zafi, in an sake ta tana sanyi. Kwamfiresa ce ke matse hiliyam, sai wani bawul mai juyawa ya riƙa haɗa kan injin da ɓangaren matsi mai yawa, sannan da mai kaɗan, sau ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa. Shi ne sautin numfashin nan da kake ji. Akwai ƙananan injuna marasa bawul da ke bugu sau 30 zuwa 60 a daƙiƙa, irin na taurarin ɗan'adam, amma maganarmu a kan manyan ɗakin gwaji ce.

Iskar na fara ratsa ma'ajin zafi, wanda masu sana'a ke kira rijanareta. Ka tuna mai rufe hanci da rawani a sanyin hunturu: numfashin da ya fitar na ɗumama ƙyallen, iskar da ya shaƙa kuma ta karɓi ɗumin kafin ta shiga. Haka rijanareta take, sai dai a juye: tana karɓe zafin iskar da ke gangarawa, ta mayar mata da shi in za ta fita. Injin na sauke zafi mataki biyu ne, na farko ya rage shi, na biyu ya kai can ƙasa. A mataki na farko rijanaretar tarin raga ce ta ƙarfe marar tsatsa ko tagulla. A na biyu ƙwayoyin dalma ne, can ƙasa kuma gaurayen ƙarafa irin su HoCu2 da Er3Ni, saboda ƙasa da kelbin 10 ƙarafan da muka saba da su kusan sun daina iya riƙe zafi, alhali hiliyam da ke ratsa su tana riƙe da yawa. Wannan shi ya daɗe yana hana injunan kaiwa kelbin 4.

Daga nan sai bututun bugun kansa, wanda ba komai a cikinsa sai iska. Bakinsa na ƙasa shi ne wurin sanyi, na sama wurin zafi, kuma daga sama akwai ƙaramar kafa da ke kaiwa ga tankin ajiya. Iskar da ke tsakiyar bututun ba ta fita ko'ina, kai-komo kawai take yi kamar fistin, tana raba sanyi da zafi. Iskar da ta shigo ta bakin ƙasa ɗauke da matsi mai yawa tana komawa da matsi kaɗan, don haka ta fi sanyi a komawarta, sai ta zuƙe zafin abin da ka ɗaura a wurin. Aikin da ta yi wajen tura iskar sama yana zama zafi a bakin sama, inda ake zubar da shi.

Sirrin duka yana ga lokaci, kamar lugude: in taɓarya ba ta sauka a kan ƙa'ida ba, ƙarfi ya tafi a banza, ƙila ma a fasa wa juna hannu. Dole gudun iska da hawan matsi su zo tare, ko kusa da haka. Gifford da Longsworth, da suka fito da injin a jami'ar Sirakus ta Amurka a farkon shekarun 1960, ba su da wannan kafa, kuma a kelbin 124 suka tsaya da mataki ɗaya. Mikulin a Mosko ya ƙara kafar a 1984, Radebaugh a Amurka ya gyara wurinta ya kai kelbin 60 a 1986, Zhu a Sin ya ƙara hanya ta biyu daga bakin kwamfiresa zuwa saman bututun a 1990, sannan Matsubara a Japan ya sauka ƙasa da kelbin 4 da mataki uku. Kamfani ya riga ya saita waɗannan kafofi. Kada ka taɓa su. Hanya ta biyun nan tana iya buɗe wa iska zagaye ta gefe ɗaya, ta riƙa kai zafi ƙasa a ɓoye, kuma juyi kaɗan na allurar bawul ya isa ya jawo haka.

Da farko, san abin da ke aljihunka

Ɗauki injin Cryomech PT415, wanda ya yawaita a ɗakunan gwaji. Yana ba da wat 1.5 a kelbin 4.2, da wat 40 a kelbin 45, yana shan wutar da ta kai wajen kilowat 10. Ko injin da ba ya asarar komai sai ya sha kusan wat 70 kafin ya ɗauke wat 1 daga kelbin 4.2 zuwa zafin ɗaki, na gaske kuwa dubbai yake sha. Wat ɗaya da rabi ke nan duk jarinka a ƙasa, bai kai abin da ƙaramar cajar waya ke bayarwa ba. Nemo taswirar ƙarfin injinka a littafin kamfani, wadda ke nuna zafin kowane mataki gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, ka manna ta a bango. Duk abin da za ka auna nan gaba da ita za ka gwada.

Na biyu, ruwa da wuta

A ƙasar nan, nan ne rabin matsala take. Kilowat 10 ɗin nan duk zafi yake zama, kuma ruwa ne ke kwashe shi. Lissafin ba wuya: in lita 10 ke wucewa a minti, ruwan zai fito da ƙarin kusan digiri 14. Sa ma'auni a tiyon shiga da na fita. In bambancin ya haura abin da ka lissafa sosai, ruwa ba ya gudu yadda ya kamata, sai ka duba matata da famfo. In bambancin daidai ne amma ruwan shiga ya yi ɗumi, laifin cila ne. Yawancin kamfanoni ba sa yarda ruwan shiga ya wuce digiri 27 ko 28.

Ruwan tankin rufi ba abin dogaro ba ne, kowa ya san yadda yake fitowa a famfo da rani. Cila kuma ana rubuta ƙarfinta ne a yanayin da bai kai namu zafi ba, galibi digiri 35. A Riyad, inda rana ke haura digiri 45, cilar da aka rubuta mata kilowat 12 ba za ta ba ka 12 ba. In kana da ta cewa wajen saye, nemi mai rara sosai, a sa mata inuwa, a bar wa iska hanya, a wanke fuskarta bayan kowace guguwar ƙura. A Jidda kuma akwai gishirin teku da ke cin ƙarfenta, da raɓa. Kada ka ce tunda sanyi ake so bari ka sauke ruwan ƙasa sosai: tiyo zai yi gumi ya ɗiga a kan wayoyi, man kwamfiresa kuma ya yi kauri. Ni ina tsayawa tsakanin digiri 18 da 20, in naɗe tiyo da soso.

Wutar Saudiyya bugu 60 take yi a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Sudan da Turai kuma 50. Kwamfiresa ta fi gudu a 60, ta fi shan wuta, ta fi fitar da zafi, kuma wasu kamfanoni na ba da adadin hiliyam daban ga kowanne. Duba farantin da ke jikinta kafin ka jona. In sabuwar kwamfiresa ta ƙi tashi, fara duba jerin layukan wuta uku, domin tana da kariyar da ke hana ta juyawa baibai.

Na uku, hiliyam

Karanta geji injin na kashe, komai na zafin ɗaki, ka gwada da adadin littafi. Ka lura da zafin ɗakin, domin iskar da ke nuna matsi 15 a ma'aunin ba (bar) a digiri 20 za ta nuna kusan 16 a digiri 40, ba tare da an ƙara ko ɗigo ba. In za ka ƙara, sai mai tsarkin kashi 99.999 cikin ɗari, kuma ka kore iskar da ke cikin tiyon cikawa tukuna. Duk wani ɗanshi ko iskar waje da ta shiga, a rijanareta za ta daskare ta toshe hanya. Haɗa tiyo da sifana biyu, ɗaya na riƙewa ɗaya na ɗaurewa, ka goge bakin kafin ka haɗa. Akwai tukunyar gawayi a cikin kwamfiresa da ke tare tururin mai, ana canza ta bayan awa 20,000 zuwa 30,000 gwargwadon kamfani. Jinkirin canza ta ya fi komai tsada, domin in mai ya isa kan injin, ba gyaran da za ka iya yi a ɗakinka.

Na huɗu, tsayuwa

Bakin sanyi ƙasa, bakin zafi sama, a miƙe. Iska mai sanyi ta fi nauyi, don haka a wannan tsayuwa tana kwanciya a ƙasa ba ta gauraya. Ka karkata shi da yawa, sai ta fara juyawa kamar ruwa a tukunya, ta ɗebo zafin sama ta kai ƙasa. In gwajinka na buƙatar kwanciya, bar injin a tsaye ka kai sanyin da igiyar jan ƙarfe.

Na biyar, toshe ƙofofin zafi

A nan nake so ka daɗe, domin nan ne aikin hannunka yake. Ƙofofi uku ne.

Ta farko iska ce da ta rage a cikin tukunyar da ke rufe ɓangaren sanyi na injin, wadda ake zuƙe wa iska. Zuƙe ta da famfo har ta sauka wajen kashi ɗaya cikin 10,000 na miliba (miliba 1,000 ne ba 1) kafin ka kunna. In injin ya yi sanyi, jikinsa zai kama sauran iskar ya daskarar da ita, har ya fi famfon naka ƙarfi, to a nan sai ka rufe bawul, kada ya janyo man famfo ciki. Hiliyam ce kaɗai ba ta kamuwa da sauƙi, shi ya sa ɗan yoyonta cikin tukunya ke ɓata aiki gaba ɗaya. In ka ga jikin tukunya na gumi ko ya yi sanyi a hannu, ba sai ka nemi wata shaida ba.

Ta biyu haske ne marar ganuwa da kowane abu mai ɗumi ke fitarwa, irin wanda kake ji a fuska in ka wuce gefen bangon da ya sha rana bayan magariba. Baƙin bango mai kelbin 300 na fitar da kusan wat 460 a kowace murabba'in mita. A kelbin 50, abin bai kai rabin wat ba. Wannan ne dalilin garkuwar jan ƙarfe ko alminiyam da ake ɗaurawa a mataki na farko ta lulluɓe na biyu ruf. Rami mai faɗin santimita 1 da tsawon santimita 1 a garkuwar zai iya shigo da kusan miliwat 46 (miliwat 1,000 ne wat 1). Ramuka goma irin wannan sun cinye kusan sulusin jarinka. Liƙe kowace kafa da tef ɗin alminiyam. Bargon leda mai ƙyalli da ake naɗa wa garkuwa kuma sakwa-sakwa ake sa shi, da safar hannu, in ka matse shi ya zama gada maimakon katanga.

Ta uku ita ce duk abin da ya taɓa sama ya taɓa ƙasa. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 1 da tsawon mita 1, in ta miƙe daga zafin ɗaki zuwa kelbin 4, tana kawo sama da miliwat 100. Goma sha biyu sun kusa gama da kai. Saboda haka wayoyin aunawa na gaurayen ƙarfen da ake kira manganin ko na tagullar fosfo ake sawa, sirara, domin ba sa kai zafi sosai. Ga kuma lissafin da nake so kowane sabon ɗalibi ya yi da hannunsa: bututun ƙarfe marar tsatsa mai faɗin milimita 10, kaurin bango rabin milimita, tsawo santimita 30, yana kawo kusan miliwat 160. Ka kama shi a tsakiya ka ɗaure da mataki na farko a kelbin 50, abin da zai isa ƙasa bai wuce miliwat 15 ba. Ƙarfe ɗaya, tsawo ɗaya, asara ta ragu sau goma, domin an tare zafin a inda ake da wat 40 na biyan kuɗinsa. Kowace waya, kowane bututu, sai ya yada zango a mataki na farko. Naɗa wayar zagaye da yawa a turken jan ƙarfe, ka liƙe da fenti na musamman, ba ratayawa kawai ba.

Na shida, mahaɗa

Faranti biyu da ka ɗora, a ido sun haɗu, amma a zahiri 'yan tsirarun tsinaye ne ke taɓa juna, kuma babu iska a tsakani da za ta taimaka. Ƙarfin ɗauri ya fi faɗin faranti muhimmanci. Goge fuskokin har su yi ƙyalli, shafa man Apiezon N ɗan kaɗan yadda da ƙyar za a gan shi, ko ka sa siririn fallen indiyam, wani ƙarfe mai laushi, sannan ka ɗaure notuna bi da bi ta gicciye. Ka san kuma ƙarafa ba sa tsukewa daidai da juna. Tagulla mai ruwan ɗorawa ta fi jan ƙarfe tsukewa, don haka notinta na ƙara kamawa a sanyi, na ƙarfe marar tsatsa kuwa yana iya ɗan saki. Sa ma'auni a kowane gefen mahaɗa ko da sau ɗaya ne. Na sha ganin kan inji yana 3 da ɗoriya, samfurin da ke nesa da shi da taƙi ɗaya yana 6, laifin noti huɗu kawai.

Na bakwai, kunna ka auna

Ma'aunin filatinam ba ya da amfani sosai ƙasa da kelbin 30, sai dayod na silikon ko Cernox. Kan inji tsirara yana isa kelbin 4 cikin kamar awa ɗaya. Mai kaya kuwa ya danganta da nauyi, domin kowane kilo na jan ƙarfe sai an zare masa kusan kilojul 80. Rubuta zafin matakan biyu da matsi da ruwa tun daga kunnawa.

In ya zauna, sa hita a kowane mataki, ka ba shi nauyin da ka sani, rabin wat, wat 1, ka jira ya daidaita, ka ɗora sakamakon a kan taswirar bango. Tazarar da ke tsakanin naka da na kamfani ita ce zafin da ke satar shigowa, kuma yanzu ka san yawansa. Za ka ga ma'auni na ɗan rawa da kowane bugu, kashi ɗaya ko biyu cikin goma na kelbin. Ba ciwo ba ne, numfashin injin ne, kuma hiliyam ce ke jawo shi tunda ƙarfe ya daina riƙe zafi a can.

Alamomin da za ka karanta kaɗan ne. Matakai biyu duka sun yi ɗumi: koma ga ruwa, matsi da iskar tukunya. Na biyu kaɗai: nemi waya, rami, ko wurin da samfur ya taɓa garkuwa bayan tsukewa. Yana hawa a hankali cikin makonni, in an ɗumama an sake kunnawa ya warke: datti ne a hiliyam, kuma zai dawo. Yana hawa da rana ya sauka da dare: hau rufi.

Kashewa

Kashe kwamfiresa ka bar shi ya ɗumama, ko ka taimaka da hita a hankali. Kada ka cire tiyon hiliyam kan injin na da sanyi, domin iskar da ta taru a ƙasa za ta kumbura ba wurin zuwa. Kada ka buɗe tukunya sai kowane ma'auni ya haura kelbin 290, kuma da busasshiyar naitirojin za ka cika ta. Iskar Jidda in ta sami ƙarfe mai sauran sanyi, ruwa take zubarwa a cikin bargon leda, sai ka kwana biyu kana zuƙa kafin ya bushe. In akwai ruwan hiliyam a na'urar, kamar a maganaɗisun MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti, ka tuna wat 1 na ƙafar da kusan lita 1.4 a awa, kowace lita kuma na zama iska sama da lita 700, marar wari marar launi, mai korar iskar numfashi. Bar ƙofa a buɗe, ka tabbata ƙararrawar iskar oksijin na aiki, kuma kada ka yi wannan aiki kai kaɗai a ɗaki.